Takalman Fermín

Ni mai sauke kaya ne a tashar jiragen ruwan Montevideo.
Kafaɗata kan san nauyin buhu tun bai taɓa ta ba,
amma na kasa auna nauyin katin nan,
ɗan farin katin da wani mai kwat ya danƙa mini
ranar da Fermín ya yanke yara uku a bakin kasuwa
da ƙwallon da rabinta tsumma ne.
"Ɗanka yana da ƙafar hagu," in ji shi,
sai ka ce ban san ƙafar da ke shurina cikin barci ba.

Shekarunsa takwas. Giɓinsa bai gama cikewa ba.

Gani ya kori ji. Ran Asabar muka hau bas biyu,
muka ƙetare gari zuwa babban kulob.
Ciyawa kamar an bi ta da dutsen guga,
raga fara fat, kowane yaro da gorarsa.
Iyaye a bayan waya sun rirriƙe ƙarfe
suna ihu irin na masu gwanjon kifi.
Mai lamba goma sha huɗu ya ɓarar da fenariti.
Koci bai ɗaga murya ba,
biro ya zaro, ya ja layi a takarda.
Har cikin haƙorana na ji jan layin nan.
Yaron ya koma ƙarshen benci yana taunar wuyan rigarsa,
aka tashi ban ji sunansa a bakin kowa ba.

A bas Fermín ya ce, "Baba, ka ga fitilun?"
Na gani. Na kuma ga kuɗin haya,
da littafin bashin Ofelia mai kanti,
da rufin ɗakin da ba ya yoyo.
Ba zan ɓoye ba: na ɗora ƙafar ɗana a sikeli.

Ran Lahadi uwarsa Zulema ta ja mu gangaren Cerro,
filin unguwa, bayan tsohuwar masana'antar nama,
inda iskar kogi ke sace ƙwallo ta kai wa karnuka.
Rabi laka, rabi tsakuwa.
Kocinsu Anselmo, mai gyaran keke, yana ɗingishi,
fulas a hammata, ƙoƙon mate a hannu.
Wasa ya yi zafi, an zura musu biyu,
sai ya ajiye ƙoƙon, ya durƙusa cikin laka,
ya ɗaure igiyar takalmin wani ɗan lukuti
wanda ko turke ba zai iya yankewa ba.
"Shiga, Casimiro, lokacinka ne."

Na ce, kofi nawa kuka ci?
Ya ce, "Ɗaya. Kusoshi nake zubawa a ciki."
Na ce, me za ka koya wa ɗana?
Ya daɗe yana kallon yaron.
"Ƙafar dama.
Da ɗaga kai ya ga ba shi kaɗai ba ne a fili.
Kuma duk wata ina son ganin littafin makarantarsa."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na yarda,
sai dai wani hannun tanƙwarawa yake,
wani kuwa sai ka ji ƙas.

Muka rubuta sunansa a wani littafi mai tabon giris.

Yau an lallasa su biyar da ɗaya.
Ɗayan Casimiro ne ya ci, da gwiwa, ido rufe,
Fermín ne ya miƙa masa, ga raga a buɗe gabansa.
Na kusa haɗiye harshena don takaici.
Shi kuwa da tsalle ya iso gida, laka har kunne.

Katin yana nan a walat ɗina, ban yar ba.
Wani daren nakan ciro shi in juya.
Zulema ba ta ko buɗe ido,
takan ce sannu ba ta hana zuwa, kashe fitila.

Takalmansa na gefen murhu, an cusa musu jarida.
Baɗi za su matse shi.
In sun matse, ma sake tambaya,
a wannan karon shi za mu fara tambaya.